Makullin Marsandin Aulis

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya taɓa shiga Marsandin Aulis Kemppainen. Shi kaɗai ne mai tasi tsakaninmu da birnin Kajaani. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai masu naƙuda asibiti, kuma ba a taɓa jin ya jefa mota a rami ba, duk da cewa rabin shekara hanyarmu ƙanƙara ce. Motar irin ta da ce, wadda ƙafafun baya ke tura ta. Irinsu idan dusar ƙanƙara ta sauka sai su riƙa wurga baya hagu da dama, amma a hannun Aulis tafiya take yi kamar an ɗora ta a kan dogo.

A lokacin kaka likita ya karɓe masa lasin tuƙi. Ya ce idon hagu ya mutu, na dama ma yana bin sahu. Matarsa ta riga ta rasu, saura 'ya'ya biyu. Marjut ce babba, tana aiki a kicin ɗin gidan kula da tsofaffi a garin da ke kusa da mu, kuma duk ƙarshen mako tana zuwa ta yi masa wanki, ta shigar da itace, ta jera masa magunguna. Ƙanenta Tapani ya tafi Sweden tun yana saurayi, ya yi shekaru bai leƙo ba.

Sai ga Tapani ya yi waya ya ce zai zo bikin cikar uban shekara tamanin, a je a ɗauke shi a tashar jirgin ƙasa ta Kajaani. A makon nan Aulis ya kira makaniki ya sa wa Marsandi sababbin tayoyin hunturu masu ƙusa, huɗu duka, ga motar da ba mai tuƙa ta.

Ranar da za a je aka wayi gari dusar ƙanƙara na zuba. Marjut ta iso da 'yar ƙaramar motarta, ta tarar da uban a bakin rumfar mota cikin rigar sanyinsa ta zuwa coci.

"Da wannan za mu je," in ji shi, ya dafa Marsandi.

"Baba, ga tawa a waje, injinta da ɗumi. Wannan ban taɓa riƙe sitiyarinta ba."

"Kai ta kawai za ki yi. A dawowa mai ita zai tuƙa."

"Mai ita?"

"Tapani mana. Wa zan bar wa?"

Marjut ta juya ta dubi motar. Suna yara, idan tafki ya daskare, Aulis kan ɗauki Tapani ya hau da shi kan ƙanƙara ya koya masa tuƙi, ita kuma a bar ta a gaɓa riƙe da fulas ɗin kofi. Sai da aurenta ya mutu ta je makarantar koyon mota da kanta, tana da shekara talatin da wani abu.

"Akwai buhunan yashi biyu a bayan ƙofa," ya ce. "Ki sa su a but, ki tura su can ciki, daidai kan ƙafafun baya. Ki haɗa da shebur."

Ita ta ɗaga su, shi yana tsaye yana gyara mata inda za su zauna. Sannan ya miƙa mata makullin da yatsu biyu, ya zagaya ya shiga gefen fasinja, inda bai taɓa zama ba.

Ta sa giya ta ɗaya, ta taka totur kamar yadda ta saba. Ƙafafun baya suka yi ta juyawa a wuri guda, motar ta karkace tana neman ginshiƙin rumfa.

"Cire ƙafarki. Wa ya aike ki? Sa ta biyu, ki saki kuloci a hankali, ki bar ta ta tashi da kanta. Motarki jan ki take yi daga gaba. Wannan turo ki take yi daga baya, in kin matsa mata za ta nemi ta wuce ki."

Motar ta tashi lafiya. Da suka hau hanya ya sa ta taka birki sau ɗaya a inda ba kowa, don ta ji yadda ƙasa take yau. Ƙusoshin suka ciji ƙanƙara da ƙara, motar ta ɗan zame kafin ta tsaya.

"Kin ji? Taya mai kyau ba ta mayar da hunturu bazara. Tana ƙara miki ɗan riƙo ne kawai. Kada ki cinye shi da gudu."

Haka suka yi ta tafiya. Motar share hanya ba ta riga ta bi ba, sai sandunan da aka kafa a gefe ke nuna inda kwalta ya ƙare. Aulis ba ya ganin sandunan, amma ya san hanyar da ka. Ya jingina, hannuwansa a kan gwiwa, yana faɗa mata abin da ke zuwa. Akwai kwana bayan gidan maƙwabcinmu Moilanen, ki rage gudu tun yanzu, ba a cikin kwanar ba. Waccan motar ta gaba, ba ta wuri, ƙara ba ta. Da suka tunkari babban hawan nan da ke bayan gada ya ce ta tara gudunta tun daga ƙasa, ta riƙe totur a wuri ɗaya, kada ta canza giya a tsakiya ko me ta ji.

"In ta fara zamewa fa?"

"Za ki ji ta kafin ki gan ta. A kujera ake jin ta, ba a ido ba. Shi ya sa likitan naki bai san abin da yake faɗa ba."

"Ba likitana ba ne, Baba."

"Ke kika kai ni wurinsa."

Suka hau lafiya. Marjut ta lura kafaɗunta sun saki, har ta fara jin daɗin nauyin motar. Ta kuma lura cewa maganar da uban ya yi mata tun da suka fito ta fi duk wadda ya yi mata a shekara guda, wadda ba ta wuce ina kika ajiye safana, miyar nan ba gishiri.

Sun kusa rabin hanya wata babbar motar dakon katako ta taho daga gaba, ta watso musu dusa har gilashi ya yi fari fat. Marjut ta firgita, tana son ta fita daga farin da sauri, ta taka totur daidai lokacin da hanya ta lanƙwasa hagu. Bayan motar ya fice dama. Itatuwan da ke gefe suka dawo gabanta.

"Sassauta," in ji Aulis, muryarsa ba ta tashi ba. "Kada ki taɓa birki. Juya dama, bi ta. Kalli hanya, ba itace ba. Yanzu mayar da shi, maza."

Ta mayar. Bayan ya ɗan kaɗa ɗaya gefen, ya dawo, motar ta miƙe. Zufa ta jiƙa mata baya a cikin rigar sanyi. Ta saci kallonsa. Ta san ta yi daidai, kuma ta san ya sani.

"Tapani yana shekara goma sha biyu ya iya wannan," ya ce. "Shi ba sai an faɗa masa ba."

Daga nan har Kajaani ba ta ƙara tambayarsa komai ba.

Jirgin ya iso a kan lokaci. Tapani ya sauko da jaka guda, ya yi ƙiba, fuska ja, gashi ya zube. Ya rungume uban har hularsa ta faɗi, sannan ya juyo ya rungumi Marjut. Warin barasa ya buge ta tun kafin ya ƙaraso.

"Babbar yaya. Har yanzu kina nan da fuskar nan taki ta mai karɓar haraji?" Ya hango motar ya yi dariya. "Kai, tsohuwar tana da rai? Baba, na ɗauka kun binne ta tare da Mama."

"Taka ce," in ji Aulis. "Na sa mata sababbin taya. Marjut, ba shi makulli."

Marjut ta dubi ƙanenta. Yana tsaye, amma ƙafafunsa a buɗe kamar mai tsayuwa a cikin kwalekwale.

"Ka sha," ta ce.

"Ɗan abin ɗumama jiki ne a jirgi. Ya fita tuntuni."

"Bai fita ba. Baba, kai ma ka ji warinsa."

Ya ji. Idonsa ne ya mutu, hancinsa lafiya lau. Aulis ɗin nan ya taɓa ƙwace makulli a hannun maƙwabcinsa da ya sha barasa a wurin biki, suka yi shekara ba sa gaisawa, bai yi nadama ba. Amma ya kau da kai ya ce, "Ban ji komai ba. Ba shi makullinsa."

"A'a."

"Motata ce."

"Taka ce. Ko ni in tuƙa, ko mu zauna a nan har ya warware. In kuwa ya ƙwace ya shiga, zan kira 'yan sanda kana tsaye."

Tapani ya ɗaga hannuwa sama yana murmushi. "Baba, ƙyale ta. Ni dama barci nake ji. Ta daɗe tana son a ce ita ce namijin gidan, bar ta ta ɗana."

"Kin kunyata shi a gaban mutane," in ji Aulis a hankali.

Ba kowa a wurin sai wata mata da karenta.

Bai koma kujerar gaba ba. Ya buɗe ƙofar baya ya shiga kusa da ɗansa, su biyu kamar fasinjojin da suka tare tasi. Marjut ta share dusar da ta taru a gilashi da fitilu, ta sa giya ta biyu, motar ta tashi ba gardama.

A tsakiyar hunturu rana ba ta daɗewa. Kafin su bar Kajaani gari ya fara duhu, dusa kuma ta ƙaru. Tapani ya yi ta ba da labarin wani kasuwanci da yake shirin buɗewa, uban yana cewa madalla, madalla, har barci ya kwashe shi, kansa ya faɗa kafaɗar tsohon. Marjut ta rage gudu kafin kowace kwana. Ta bar tazara. Da wata motar katako ta sake watso dusa, ta riƙe ƙafarta a inda take har farin ya wuce. Nauyin mutum biyu a baya ya fi buhunan yashi amfani, motar ta zauna daram, wannan kam Tapani ya taimaka da shi.

A kan gangaren gada ta jira muryar uban, don bai gaya mata yadda ake sauka ba. Shiru. Ta duba madubi, ta ga idonsa biyu, yana kallon wuyanta. Ya san inda suke sarai. Ta yi tunanin abin da zai ce da ya ga dama, ta sauke giya tun a sama, ta bar inji ya riƙe motar, ba ta taɓa birki ba sai ƙasa-ƙasa, shi ma a hankali. Suka sauka. Ta shigar da motar rumfa, ta kashe inji, ta ajiye makullin a kan kujera. Aulis ya lalubo shi ya zura a aljihun Tapani tun bai gama farkawa ba.

Washegari aka yi biki. Marjut ta dafa miyar kifi, ta yanka baƙin burodi, ta yi ta zagayawa da butar kofi. Maƙwabta sun cika falo. Dattijo Reino Moilanen, wanda ya ga wucewarsu ta taga, ya ce, "Aulis, jiya ko mai kai wasiƙu bai fito ba. Wa ya kai Marsandi Kajaani ya dawo da ita a wannan dusar?"

Marjut na tsaye a bayan kujerar uban, buta a hannu.

"Motar ta san hanya," in ji Aulis. "Ka ga Tapani kuwa? Zo ka gaida Reino."

Aka yi dariya. Ta cika wa Reino kofinsa, ta koma kicin.

Tapani bai cika mako ba ya koma. A motar Marjut aka kai shi tasha, ita ta kai shi. Da bazara ya yi waya ya ce ya sami mai sayen Marsandi a garin Oulu, ta taimaka ta kai masa, zai aiko da makulli. Ta ce ya zo ya kai abarsa da kansa. Bai zo ba, mai saye ya gaji ya nemi wata.

Har yanzu tana zuwa duk ƙarshen mako. Idon Aulis na dama ya ƙarasa, ita ke yanke masa farce, ita ke karanta masa jarida. Kafin ta tafi yakan juyo da fuska inda yake jin motsinta ya ce, "Ni dai ban san me yaron nan ya yi miki ba."

Takan ce, "Maganin safe yana gefen dama, Baba," ta ja ƙofa.