Hotunan Gidan Kaka Aukje

Kawu Sybren, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini ɗaukar hoton ɗaki. Sana'arsa ke nan a garinmu Leeuwarden: dillalan gidaje su kira shi, ya je ya ɗauko musu. Ni kuwa karatu kawai na iya, ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin ta fito.

Da Kaka Aukje ta faɗo daga matakalar gidanta ta karye a ƙugu, sai aka kai ta gidan jinya. Kullum tambayarta ɗaya, yaushe za ta koma gida? Mama takan ce, "Sai kin warware."

Wata Asabar Kawu ya miƙo mini kyamararsa.

"Tashi, sarauniyar karatu. Gidan Kaka za mu, ki gwada hannunki. In sun yi kyau ki kai mata, ta rage kewa."

Murna ta hana ni ko godiya.

A falo ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, daidai cibiyata. Na ɗauki na farko, ya fito a karkace. Ya leƙa, ya tuntsire da dariya.

"Ke Hiske, bangon nan giya ya sha? Miƙe shi mana!"

Na miƙe shi. Ya nuna mini yadda ake yaye labule a jira gajimare ya tausasa rana, da yadda ake lafewa a kusurwa don ɗaki ya yi faɗi. Sannan ya ce mu kwashe kaya. Hotunan jikoki, silifas, takalman wasan zamiya a kan ƙanƙara na marigayi kakanmu, duk muka zuba a kwali. Har kalandar ranakun haihuwa da ke rataye a ƙofar banɗaki, kamar a kowane gida a garinmu, ya ce in cire.

"Haba Kawu, har ita?"

"Ɗaki ake ɗauka, ba tarkace ba."

Ya zaro lemon tsami daga jakarsa ya jera a kwano kan tebur. Na ce a raina, lallai gwani gwani ne.

Da aka wanko hotunan na hau keke sai gidan jinya. Kaka ta sa tabarau.

"Gidan wane mai kuɗin ne wannan, ƙawata?"

"Naki ne, Kaka! Ni na ɗauka."

Ta yi ta juya su a hankali. Murmushin ya fara janyewa.

"Ina takalman kakanki? Ina kalandata?" Ta ɗora yatsa kan kwanon. "Yaushe na taɓa ajiye lemo haka? Irinsa Sybren ya jera a gidan maƙwabciyata Janke, kafin a kafa allon sayarwa a ƙofarta."

Na fita baranda na kira Kawu. Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da ya ba ni mamaki.

"Kawu, hotunan nan na waye?"

Ya ce, "Matakalar nan sai ta kashe ta, Hiske. Ni da mamarki mun gama magana, sayar da gidan za a yi. Jira muke ta ƙara ƙarfi mu faɗa mata."

"To me ya sa sai ni?"

"A gidan na tashi. Na gwada, na kasa danna kyamarar." Ya yi gyaran murya. "Amma fa kin iya. Dillalin har yabawa ya yi."

Na kashe wayar.

Da na koma, Kaka ta kife hotunan a kan bargo. Na buɗe baki in ce ban sani ba, ta ɗaga hannu.

"Na san ba ki sani ba. Da kin sani, da bangon ya karkace a hoton. Je ki ɗauko mini kalandata."

Washegari na kawo ta. Ƙofar banɗakin gidan jinyar ba ta da ƙusa, sai na rataye ta a mariƙin ƙofa.