Ranar da Turanci Ya Bar Tuwan Garside

Ranar wata Talata, cikin daminar 1978, Turanci ya bar maƙwabcina Tuwan Garside. Muniyandi, tsohon kukunsa, shi ya hauro matakalar gidana yana haki.

"Malam, ka zo. Ya faɗi a garken shanu. Bakinsa ya karkace, kuma maganar da yake yi ba tasa ba ce."

"To ta wa ce?"

"Taku ce. Irin ta 'yan yaye."

Na same shi an kwantar da shi a baranda, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Mutumin da ya tsufa yana yi mana yarenmu kamar mai ba alfadari umarni, sai ga shi yana dubana, yana magana da lafazin mutanen bakin kogi wanda ni kaina na daɗe ban ji ba.

"Mak, ruwa. Mak, ciwo."

Mak uwa ke nan a yarenmu, amma wadda yake kira ba matar da ta haife shi ba ce. Ubansa ya zo ƙasarmu ta Perak daga arewacin Ingila da takardar gwamnati mai cewa dajin nan ba shi da mai shi. Kakana, wanda itatuwan duriyan ɗinsa ke cikin dajin, ya yi mamakin jin cewa shi ba kowa ba ne. Aka sare, aka dasa roba. Matar Baturen ta haihu, zazzaɓi ya ɗauke ta kafin cibiyar yaron ta faɗi, sai aka aiko ƙauye neman mai nono. Aka sami Mak Embon tana goyon 'yarta Salmiya. Ta ba kowa ɓari guda. Salmiya ce ta zama matata.

Saboda haka a shari'a shi ɗan'uwanta ne. Takan shiga gidansa kai ba lulluɓi, ta buɗe tukwanensa, ta yi masa faɗa kan giya. Ni kuwa Tuwan nake ce masa, yadda muke kiran kowane Bature, ina jan kalmar har sai ta zama zagi.

Yana ɗan shekara bakwai aka ɓamɓare shi daga zanen Mak Embon, aka ɗora a amalanken shanu zuwa bakin jirgin ruwa, makaranta a Ingila. Ya dawo saurayi mai sandararren wuya. Da yaƙi ya zo Japanawa suka kama shi, ya dawo ƙashi da rai. Ya auro Baturiya, ta jure zafi da sauro, amma da aka fara harbe masu gonaki a kan hanya sai ta ɗauki 'yarsu ta tafi. Mun sami 'yanci, 'yan'uwansa Turawa suka sayar suka watse. Shi ma ya sayar wa kamfanin manja yawancin gonar, ya rage gidan da 'yan shanu. Duk shekara kuma maganarsa ɗaya ce: baɗi zai koma gida.

"Wane gidan, Tuwan?" nakan tambaye shi ta saman shinge.

"Gida mana, Malam. Inda ake buga littattafan da kake sace mini."

"Aro nake yi."

"Aro tun kafin yaƙi?"

"Ku ma aron ƙasar kuka ce kun yi."

Haka muka tsufa. Da Salmiya ta rasu ya tsaya bayan katangar maƙabarta, hularsa a hannu, har aka watse. Ban yi masa godiya ba. Bai nema ba.

'Yarsa Rosalin ta iso daga Ingila bayan an sallamo shi daga asibiti. Mace ce mai furfura a gefen kai, malamar makaranta kamar yadda na taɓa zama. Ta durƙusa gaban gadonsa ta yi ta magana, yana kallonta kamar ana ruwa a kan kwano. Likita ya ce hakan na faruwa, harshen da ya fara shiga shi ke fita a ƙarshe. Sai na zama tafinta tsakanin uba da 'yarsa, aikin da ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Wata rana da la'asar, tana ba shi kunun shinkafa da cokali, ya kawar da kai ya ce, "Balik."

"Me ya ce, Mista Baharom?"

"Komawa gida yake so."

Ta ajiye kwanon. Hawaye ya zubo mata, ba ta goge ba. "Tun ina 'yar shekara tara nake jiran ya faɗi haka da gaske."

"Tsaya, 'yata, bai gama ba."

Yana ta maimaitawa, yana nuna gabas da hannun da ya rage masa. Gidan Mak. A kai shi gidan Mak. Na gaya mata. Na gaya mata kuma cewa bukkar ta rushe tun ba a haife ta ba, wurin yanzu layin kwakwar manja ne.

"To ka gani. Wurin da babu shi yake kira. Amma gida dai ya ce."

Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta tambaye shi da Turanci, a hankali, da muryar da ake yi wa yara a aji, ko Ingila yake so. Ya gyaɗa kai.

"Ya amsa," in ji ta.

"Tambaye shi ko shi ne sarkin Siyam. Zai gyaɗa. Tun yana ɗan shekara bakwai aka koya masa in an yi masa Turanci da wannan murya ya gyaɗa kai, ko a zane shi."

Fuskarta ta yi ja. "Kai dama ba ka taɓa ƙaunarsa ba. Uwata ta gaya mini."

"Uwarki ta yi gaskiya. Bar mini shi duk da haka. Surukina ne."

Sai da na yi mata bayanin nono, da abin da yake haramtawa, da abin da yake wajabtawa. Ta saurara har ƙarshe, don tana da tarbiyya.

"Mai raino ce fa. An biya ta."

"An biya ta. Nonon bai sani ba."

"To wa zai juya shi? Wa zai wanke shi in ya ɓata jikinsa?"

"Ni da Muniyandi."

Ta dube mu. Ni da sanda, shi da yanar ido. Muniyandi ya gyara tsayuwa, ya tura ƙirji gaba.

"Malam, gaya mata ni na ɗauko shi daga garke a bayana."

"Janyo shi ka yi. Na ga sawun."

Ban fassara mata wannan ba. Ta ce akwai gidan jinya kusa da ita, da ɗumi, da likita dare da rana, da jikoki biyu da bai taɓa gani ba. Ta ce an raba ta da ubanta sau ɗaya, ba za ta bar shi ya mutu a hannun tsofaffi biyu ba. Da muguwa ce da na ji daɗi. Ba muguwa ba ce. Kuma takardu sunanta suka sani, ba su san Mak Embon ba.

Motar asibiti ta zo da safe, za ta kai shi Kuala Lumpur ya jira likitoci su yarda ya hau jirgi. An sa masa kwat da laktaye, an taje masa kai. Da aka fito da shi a makara ta marasa lafiya ya ga motar, ya ga akwatin da aka ɗaure, sai idonsa ya fara neman wani. Ya wuce 'yarsa, ya wuce Muniyandi, ya tsaya a kaina. Hannunsa na hagu ya damƙi hannun rigata.

"Makaranta kuma?" ya ce. "Ban yi komai ba. Yaushe zan dawo?"

"Me yake cewa?" in ji Rosalin.

Na shekara hamsin ina mayar masa da magana kafin ya rufe baki. Ranar na tsaya ina auna amsa, don ni mutum ne mai alfahari da cewa ba ya ƙarya ko ta tausayi. Ina cikin awon direba ya ɓamɓare yatsun daga rigata, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, ya rufe ƙofa.

Bai hau jirgin ba. Ya rasu a asibitin birni kafin mako ya zagayo. Mai jinyarsa ta ce ya yi ta kiran uwarsa, kamar kowa. Rosalin ta sa aka ƙona gawar yadda suke yi, ta tafi da tokar cikin ɗan gwangwani. Ta aiko da saƙo cewa Baba ya koma gida, kuma in riƙe littattafan.

Kamfanin ya karɓi gidan. Muniyandi ya koma wurin ɗansa, shanun suka tafi mahauta.

Ba wata babbar magana ce ta ƙi fitowa daga bakina ran da ya riƙe rigata ba. Abin da ake ce wa mai zuwa kasuwa ne, a faɗa ba tare da an ɗaga kai daga aiki ba. Yaro yakan yarda da ita, ya saki riga, ya yi barci a hanya. Da yamma nakan taka zuwa inda motar ta juya. Tayoyinta sun bar rami biyu a jar ƙasa, ruwan sama ya cika su, kwaɗi sun yi ƙwai a ciki.

Sai ka dawo.