Igiyar Baba Zamani

Elizabet ta bar keken ɗinkinta a buɗe a kasuwa, ta tari tasi zuwa hanyar Bosso, zare na manne a zaninta. Maƙwabciyarta ce ta faɗa mata an ga ɗanta Ayuba ya shiga ɗakin gangunan coci, wajen Baba Zamani, tsohon makaɗin 'yan reluwe da yara ke cewa ba ya dariya.

Ayuba bahago ne. Bara, a aji biyu, malaminsu ya riƙa ɗaure masa hannun hagu a jikin benci har ya koyi rubutu da dama. Rubutun ya samu, maganar ta lalace. Tun daga nan yaron ya kama in'ina, ko "Mama" sai ya yi kokawa da ita. Ɗan abin da ya rage a bakinsa shi take tsaro.

Daga ƙofa ta hango shi a kan kujera, ganguna jere a gabansa, ƙarama a hagu, babba a dama. Kiɗan ya tafi daidai, sai ya zo zagaye gangunan, hannayensa suka harɗe, sanda ta bugi sanda.

"Sake," in ji tsohon. "Wannan shi ake kira ciko. Inda mai waƙa ya tsaya shan iska, kai za ka cike gurbin. Da wane hannu za ka fara?"

Leɓen Ayuba ya kama rawa. "Ha... ha..."

Baba Zamani ya sunkuya, ya zaro igiya daga jakarsa.

Ba ta san lokacin da ta tsallake benci biyu ba. Ta janyo yaron bayanta.

"Baba, don girman Allah kada ka ɗaure shi! An taɓa yi. Ka ji yadda ya koma."

Tsohon ya dube ta, ya dubi igiyar.

"'Yata, wa zan ɗaure? Babbar gangar ƙasan nan ce ke gudu in an taka ta. Da ƙafar kujera nake haɗa ta, tun kafin a haife ki."

Kunya ta kama ta, amma ba ta saki yaron ba.

Ya ɗaure gangar, ya miƙe yana dafe da ƙugu. "An jera gangunan nan ne don mai dama. In ya fara da hagu, hannu zai hau kan hannu. Ko ya koyi farawa da dama, ya zauna a gangunan kowa, ko in juya masa su, duk inda ya je ya sha mita kafin a bar shi ya juya. Ba ni zan zaɓa ba. Ke ma ba ke ba."

Ya juya ya dubi Ayuba. Elizabet ta ji gumin tafin yaron a hannunta. Kalmar na bakinta, ta san ta, ta saba ƙarasa masa. Ta cije leɓe.

"Ha... ha... hagu."

"To, zo ka kama can," in ji tsohon.

Suka kwance gangunan, suka mayar da babbar hagu. Ayuba ya zauna. Cikon farko ya zube. Na biyu ya sauka daga ƙarama zuwa babba ba tare da sanda ta taɓa 'yar'uwarta ba.

"Asabar ƙarfe huɗu," in ji Baba Zamani, bai yi dariya ba.

A bakin titi, da za su tsallaka, Ayuba ya miƙo mata hagu, sai ya yi sauri zai sauya, yadda ita ma ta koya masa. Ta riga shi. Ta kama hagun, ta riƙe gam, suka jira motoci su wuce.