Kiɗa Mai Jan Ƙafa

Ranar Lahadi da rana suka taru a garejin Vince Kowalik a Port Adelaide domin gwajin kiɗa, kuma tun a waƙa ta biyu ya san da matsala. 'Yarsa Leanne ce a kan ganguna, a gurbin marigayi Col, kuma ko sau ɗaya ba ta kuskure ba.

Ƙungiyarsu, Slipway Five, da jan ƙafa ta yi suna. Col kan sauke sanda a makare kaɗan, kamar mai tafiya cikin laka, sauran su bi shi. A 1973 jaridun Melbourne suka kira abin kasala, kiɗan 'yan mashaya. Bayan shekara ashirin aka sake fitar da faifansu, jaridun nan dai suka ce kaf ƙasar babu mai irin salon. Yanzu an gayyace su bikin kiɗa, saura mako biyu.

Gus, mawaƙinsu, ya ja Vince waje gindin lemo. Ya ce yarinyar nan agogo ce, mutane kuwa kiɗan Col za su zo ji. Akwai wani a Geelong da ya iya kwaikwayonsa. In ba ta gyara yau ba, mutumin nan zai kira ya maye gurbinta.

Vince ya tsaya yana murza yatsu. Shekara huɗu Leanne ta yi tana koyon kiɗa a makaranta, har aikinta na kantin magani ta ajiye saboda bikin nan. Kuma shi kaɗai ya san Col ba salo yake yi ba. Kafaɗarsa ce ta goce a wurin ƙera jiragen ruwa, hannun ba ya sauka da wuri. Ta yaya zai ce wa 'yarsa ta koyi ciwon wani?

Da suka koma ciki ta dube shi. "Baba, korata za a yi?"

"Ke dai ƙirga mana mu fara, 'yar nan."

Ta ƙirga. Vince ya ɗora jitarsa mai kaurin murya daidai kan bugunta, abin da bai taɓa yi ba, ya ƙi saki. Ɗaya mai jitar ya yi tangal-tangal ya biyo su, mai piyano ma haka. Gus ya tsinci kansa shi kaɗai a baya, ya katse waƙar.

"Kai tsohon banza, ina za ka da gudu haka?"

"In za ka kira na Geelong," in ji Vince, "ka ce ya taho da wanda zai riƙe tawa jitar."

Gus ya dubi uba da 'ya. Sannan ya kurɓi ruwa, ya ce a sake daga farko, amma a tausaya wa huhunsa.