Kilishin Ɗan Fari

"Ni za ki kunyata, Inna? Duk Birni ana cewa uwar Tanimu tela na bin layin abincin tsofaffi."

Inna Zuliha ba ta ko ɗago kai ba, tana ta ɗauraye kwanonta. Matan unguwa ne suka haɗa ƙungiya, kullum da azahar suna dafa wa tsofaffi a wani zaure bayan lakwal, makarantar bokon unguwa: faten wake, tuwo mai laushi da miyar zogale, wata rana har kifin da aka zare wa ƙaya. Wata mai dogon baki ce ta kai wa Tanimu labarin har shago, kuma ba ta rage komai a hanya ba.

"Ba kullum nake kawo miki tsire ba? Kilishi fa?"

Yana kawowa kam. Har ɗaga ledar yake yi don maƙwabta su gani. Amma da ya juya baya jikoki ke wawashewa, ita ta wuni da ruwan shayi. Bara jiri ya kayar da ita bakin randa, likita ya ce jininta ya yi kaɗan. Tanimu ya ji haka, ya ƙaro kilishi.

"Kai wannan, matso," in ji ta. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ya matso. Ta wangale baki. Haƙoran da suka rage, ɗaya na gabas ɗaya na yamma, ko gaisawa ba sa yi.

"Da wanne zan ci?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ina ka taɓa jin uwa ta kai wa ɗan fari kukan cikinta? Da ka zauna sau ɗaya ina ci, da ka gani."

"To, daga gobe Ilham za ta riƙa dama miki kunu. Amma can, kin bar zuwa."

"Matarka ta huta. Kunu ya yi mini me? Can akwai wake, akwai hira. Yau ma ƙawata Hasana za ta ƙarasa mana yadda surukinta ya sayi akuya mai ido ɗaya a Gaffati."

Ta yafa mayafi, ta ɗauki kwano. Sandar da take dogarawa tun bara tana jingine a bango, ko kallonta ba ta yi ba. Ta fice, ta buga ƙofar langa-langan da ƙarfin da sai da kajin maƙwabta suka watse.