Uku Suna Jira a Kano

Ɗantsoho tela ya tuɓe takalmi a ƙofar zauren Malam Sagir, ya durƙusa, ya yi ta jero gaisuwa kamar mai neman aure. Mutumin da ko surukansa a tsaitsaye yake gaisarwa!

"Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya aiko ni da tambaya."

"Allah ya sa abokin nan naka ba tela ba ne," in ji Malam. "Ina jin ka."

To wa zai ɓoye wa? Ai rabin Daura ta riga ta ji.

Shekara goma sha huɗu yana tare da Zubaida, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An sha rubutu, an sha saiwa, dangin miji sun sha kiranta juya. Da suka je wani asibiti a Kano, likita ya auna su biyun ya ce ita lafiyarta lau, ruwan maigida ne ba shi da ƙarfi. Amma wai akwai dabara. Za a yi mata allura kullum har ƙwayayenta su nuna da yawa a lokaci guda, a zuƙo su, a haɗa da nasa a ɗakin gwaji, in sun kama a dasa mata a mahaifa. Haka kuwa aka yi. Aka ciro tara, uku suka kama. Likita ya ce allurai sun gajiyar da jikinta, ta huta wata biyu tukuna, aka daskarar da ukun nan cikin sanyi, aka ce su dawo bayan Sallah.

Ita allurar ba ta son zafi, gidansu kuma wuta sai ta ga dama. Don haka a firijin maƙwabciyarsu Kande mai ƙanƙara ake ajiye ta. Kande kuwa, baiwar Allah, in magana ta kwana a cikinta zazzaɓi take yi. Ta yi ta bugun cikin Zubaida, har ran nan, bayan an dawo daga Kano, Zubaida ta ce mata a hankali, "Yaya Kande, ashe ba daga ni ba ne."

Kafin Juma'a ta zagayo, Ɗantsoho na zaune wajen mai shayi wani ya ɗaga murya ya ce, "Tela, ashe shekara da shekaru keke ke ta gudu babu zare?" Majalisa ta kwashe da dariya. Ko kofin bai ajiye daidai ba, ya nufi gida, ya tsaya tsakar gida ya ce, "Na sake ki." Biyu sun riga sun wuce can baya, ɗaya a kan gishirin miya, ɗaya a kan zuwa suna ba izini, kowanne an mayar cikin mako. Wannan ne na uku.

"Igiya uku ce, abokin naka ya tsinke duka," in ji Malam.

"Amma Malam, ƙwayayen nan uku ai da aure aka haɗa su!"

"Da aure aka haɗa, dasawar ma sai da aure. Yau ba matarsa ba ce. Sai ta auri wani, aure na gaskiya, ya rabu da ita don kansa."

Ɗantsoho ya hau babur bai zame ko'ina ba sai Zango, gidan iyayenta. Ya daɗe a zaure yana kallon buhunan gyaɗa kafin ta fito cikin hijabi, ta zauna can nesa, ta gaishe shi kamar baƙo.

"Zubaida, sharrin zuciya ne."

"Uhm."

"Na ce, akwai wani ɗan kawuna a garin Babban Mutum, mutumin kirki. In an ɗaura, kwana biyu kawai ya sake..."

"Kisan wuta?" Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai zuci ba. "Cikina ya zama rariya da allura. An sa ni barci an zuƙe ni. Yanzu kuma in je ɗakin wani ƙato don a ɗinke abin da bakinka ya yaga? Malamin da ka tambaya, haka ya ce maka?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta zaro wata takarda daga cikin hijabi ta tura masa a kan tabarma. Asibiti sun kira ta, ta gaya musu gaskiya, shi ne suka aiko. Gida biyu ne na zaɓi a jikin takardar: ko a ci gaba da ajiye ƙwayayen nan uku, ko a fitar da su daga sanyi, shi ke nan. Sai an ga sa hannun su biyun.

"Na sa nawa a ƙasa," ta ce. "Gidajen na bar maka, ka zaɓa. Kai ne mai saurin yanke magana."

Ya karɓi biro. In ya ce a ajiye, a ajiye wa wa? Shekarunta talatin da tara, ba ta kuma ce za ta dawo ba. In ya ce a fitar, to su ke nan 'ya'yan da Allah ya taɓa nuna masa, ko da a hoton likita ne, ɗigo uku kamar ƙwayar gero.

"Ke me kike so?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Ta miƙe ta gyara hijabinta. "Shekara goma sha huɗu, sai yau ka tambaya."

Ta shige cikin gida. Aka kira la'asar, maza suka fito da butoci suna ratsa zauren, kowa ya yi masa sannu ya wuce. Shi dai yana nan zaune da takarda a gwiwa, ko murfin biron bai cire ba.