Ranar da Rana Ta Ƙi Faɗuwa

Tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba. Ku tambaya a Zango, kowa ya san Zakariya'u. Na bi ayarin gishiri zuwa Bilma da ƙishirwa a wuya, na ga yunwar da ta watse Hamdara, ban kai ruwa baki da rana ba ko sau ɗaya.

Bara 'yata Wasila ta biya mana umara cikin azumi, ni da ita da taubashina Mai Nasara. Ranar komowa muka yi sahur a Jidda, jirgi ya tashi ƙarfe uku na rana.

"Baba, kilomita wajen dubu huɗu ne zuwa Yamai, awa shida," in ji Wasila. "Matafiyi kake, an yi maka rangwame. Ka sha, ka rama a gida."

"Matafiyi? A kan kujera mai laushi? Kar, motar fasinja ta Yamai zuwa Damagaram ma, ta fi wannan daɗewa. Ke dai kin yi karatun lakkol, ni na yi hanya."

Ƙarfe shida da rabi agogon Mai Nasara ya yi ƙara. Ya ɗaga gorar ruwa.

"Tsoho, magariba ta yi. Bisimilla."

Na leƙa taga. Ga rana can tsaye, jawur, ko niyyar sauka ba ta yi ba.

"Magaribar wa? Kai makaho ne?"

"Agogon Makka ne fa a hannuna. Ka fi Makka sani?"

"Ni da rana muka yi alkawari, ba da agogo ba."

Ya kwankwaɗe gorar, har da lumshe ido don in ji haushi.

Wasila ta ce yamma muka nufa, ita ma rana can ta nufa, bin ta muke yi. Jidda ta riga Yamai da awa biyu, sai na biya su.

To, a nan na gane ba shekaru talatin gare ni ba. Sanyin jirgi ya busar mini da maƙogwaro, harshe ya zama fata. Kunnuwa suka toshe. Ma'aikaciyar jirgi ta tsaya da kofi a kaina, Wasila ta riƙe mini kafaɗa.

"Baba, don Allah. Leɓenka ya yi fari."

"Haka aka haife shi."

"Ku bar shi," in ji Mai Nasara. "In ya faɗi, ni zan gaji hular."

Wannan maganar ce ta riƙe ni. Na kafa wa rana ido kamar mai jiran ɓarawo. Da jirgi ya sunkuyar da kai za shi sauka, sai ƙasa ta taso ta haɗiye ta gaba ɗaya. Na ce Wasila ta duba, kada a ce idon tsoho ne. Ta duba, ta miƙo mini dabino.

Da muka iso Damagaram, Mai Nasara ya kai ƙara wurin limamin unguwarmu. Liman ya ce wanda ke ganin rana bai ga magariba ba, sai Mai Nasara ya rama.

Bayan salla, ranar da yake ramuwa, na sa aka dama mini fura da nono mai sanyi. Na ɗauki ƙwaryata da azahar, na je ƙofar gidansa na zauna.